Kogin da Ke Bangon Malam Ishaya

In ka tari wanda ya yi firamare a Malali ka ce masa Malam Ishaya, zai iya tsayawa yana sosa ƙeya. Amma ka ce Malam Taswira, sai ka ga ya gyara tsayuwa kamar yanzu za a tambaye shi babban birnin Mali. Mutumin gajere ne, mai sanƙo tun yana saurayi, ɗan wani ƙauye da ke bayan Zonkwa. Ya shigo Kaduna a ƙarshen shekarun saba'in da takardar malanta da akwatin kwano, aka tura shi wata makarantar gwamnati a Malali ya koyar da nazarin zamantakewa, darasin da yara ke kira Soshiyal. Daga nan bai ƙara gaba ba har ya yi ritaya. Sa'o'insa sun zama shugabannin makarantu, wasu sun koma ofis suna juya kujera, shi kuwa ko a jikinsa.

Da ya zo, taswira ɗaya ce a makarantar, ta takarda, gara ta cinye rabin Asiya. Ya kai kuka sama aka ce ya yi haƙuri, ana nan tafe da sabuwa. Da ya ga haƙurin ba shi da ranar ƙarewa, sai ya roƙi a bar masa dogon bangon baranda. Ya sayo fenti da burushi, ya aro tsani, ya shafe hutu guda yana zane. Ya yi taswirar duniya a tsakiya, ta Najeriya a dama, a hagu kuma ya yi garin Kaduna da unguwanninsa, da kogin da ya ratso ta bayan Malali ya yi lanƙwasa ya nufi yamma.

Doka ɗaya ya kafa a kan bangon, kuma babu yaron da ya fita daga hannunsa bai haddace ta ba. Shuɗi na ruwa ne, ja na iyaka. Yakan buga sanda a bango ya ce shuɗi aikin Allah ne, ja kuwa aikin mutum. Duk inda kuka ga jan layi, wasu ne suka zauna suka ja shi, kuma wasu za su iya zama su goge shi. Yaron da ya zana kogi da jan biro a jarrabawa, ko ya ci sauran tambayoyin, sai ya maimaita.

Matarsa Ladidi ce mai riƙe tsani. Tela ce, tana da keken ɗinki a zauren gidansu, amma duk ranar fenti takan rufe keken ta bi shi. Yana sama yana ce mata miƙo shuɗi, miƙo ja, tana ƙasa tana miƙawa tana yi masa tsiya. Ta sha cewa ita ba ta ga adalcin duniya ba, manya su yi rigimarsu a ƙasashen da ba ta taɓa gani ba, amma mijinta ne zai hau tsani.

Gaskiyarta kuwa, domin duniya ba ta bar bawan Allah ya huta ba. Rediyo ba ya rabuwa da kunnensa, kuma duk abin da ya ji an sauya sai ya sauya a bango kafin mako ya zagayo. Ya goge Upper Volta ya rubuta Burkina Faso. Aka cire Katsina daga jihar Kaduna, ya hau ya ja layi. Sojoji suka yi ta yanka jihohi kamar masu rabon naman watanda, yana biye da su da gwangwaninsa. Da Tarayyar Sobiyat ta watse kuwa, sai da jan fenti ya ƙare masa, ga sunaye masu karya harshe, yana rubutawa Ladidi tana gwada faɗa yara suna dariya. Ranar da ya fi murna a duk aikinsa ita ce ranar da ya goge layin da ke tsakanin Jamus ta Gabas da ta Yamma. Ya tara makarantar gaba ɗaya a baranda, ya shafe layin a gabansu, ya ce to ga shi kun gani da idonku, ba cika baki nake yi ba. A ranar har rake ya saya wa 'yan ajinsa.

Gidansa yana wani lungu da ke gangarowa wajen kogi, ɗaki uku da bishiyar gwaiba. Katangarsa ɗaya da Malam Bashir, alaramma mai koyar da Alƙur'ani a zaurensa. Kullum da yamma su biyun suna kan benci a ƙofar gida suna musu. Malam Bashir bai taɓa yarda cewa Makka tana inda Ishaya ya ajiye ta ba, ya ce ya matse ta ƙwarai. Ishaya ya ce in an faɗaɗa ta ina za a sa Bahar Maliya? Sun yi shekaru a kan wannan magana, ba wanda ya sauka, ba kuma wanda yake so ta ƙare.

Sai shekarar dubu biyu ta zo da abin da ta zo da shi. Mutanen Kaduna ba sa son a tsawaita wannan zance, ni ma ba zan tsawaita ba. Iyalin Ishaya sun yi kwanakin tashin hankalin a ɗakin matar Malam Bashir, shi alaramma yana zaune a ƙofa da carbinsa. Da ƙura ta lafa, sai gari ya shiga ƙaura. Kirista suna ɗaure kaya suna haye gada zuwa kudu, Musulmi suna ɗaure nasu suna hayowa arewa. Har musayar gida aka yi, ka ba ni naka na Tudun Wada in ba ka nawa na Kakuri. Babu gwamnatin da ta zauna ta ja layi, amma kowa ya san inda layin yake.

Ishaya ya ce ba inda za shi. 'Yan cocinsu sun zo sun yi magana, 'yan'uwa daga ƙauye sun aiko, ya ce shi malamin labarin ƙasa ne, kuma a iya saninsa kogi ruwa ne. Da aka buɗe makaranta, abin da ya fara yi shi ne ya hau tsani ya ƙara wa kogin Kaduna shuɗi. Tun daga lokacin kowace shekara, kafin a dawo daga dogon hutu, sai ya sake bin kogin da sabon fenti, ko bai koɗe ba. Wasu sun kira abin taurin kai, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaransa dai ba su gaji taurin kan ba. Mazan biyu sun tafi, ɗaya Jos ɗaya Legas. Autarsa Gloria, wadda ita ma ta zauna a ajinsa, ta yi karatun jinya ta yi aure a Sabon Tasha, can ƙetaren kogi. Layi na ƙarshe da ya ja Ladidi tana riƙe da tsani shi ne na Sudan ta Kudu. A shekarar da ta biyo baya ta kwanta, ciwon bai yi tsawo ba ta rasu. Bayanta da 'yan shekaru Malam Bashir ma ya bi, magada suka sayar da gidan aka rushe aka gina shaguna.

Ba za a ce unguwa ta wulaƙanta shi ba, wannan zalunci ne. Matasa suna cire abin kunne su ce Baba ina kwana. Ranar Sallah kwanuka suna shigowa har ya rasa inda zai sa. Amma gaisuwa ba hira ba ce. Waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun mutu ko sun haye gada, waɗanda suka rage kuwa sun san shi ne a matsayin tsohon nan Kirista na lungun gwaiba, wanda ake lallaɓawa. Ba mai yi masa musu, ba mai ce masa ƙarya kake. Ranar Lahadi yakan tafi coci ya zauna a bencin da a da iyali uku suke matsuwa a kai, ya ajiye sandarsa a inda Ladidi take zama. Da yamma ya fito da kujera ƙofar gida ya kunna rediyo, in mai labarai ya faɗi abin da bai gamsar da shi ba ya mayar masa da martani da ƙarfi, sannan ya juya gefe don ya ji me alaramma zai ce, sai ya tarar da bangon shago. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ya kuma san ya ci shi, amma in Gloria ta buga waya sai ya ce lafiya lau, gida cike yake da mutane.

Daga baya ido ya fara. Yanar ido ta rufe masa gani, aka yi aiki a wani asibiti a Mando, likita ya ce an yi abin da za a iya amma jijiyar idon ta riga ta gaji. Duniya ta koma masa kamar mai kallo ta cikin ruwan koko. Yana ganin inuwar mutum, yana bambanta dare da rana, amma launi ya gudu. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi lungunsa da ƙafa, ya koyi ɗakin girkinsa da hannu. Gwangwanayen fentinsa biyu kuwa ya yi musu dabara: ya ɗauki ƙusa ya lotsa murfin na shuɗi, in ya shafa ya ji lotsawar ya san ruwa ke nan. Ko bayan ritaya makaranta ba ta hana shi bangonsa ba, don shugabar makarantar ta yanzu, Malama Ummulkhairi, da sandarsa ta koyi nahiyoyi.

Asirin ya tonu ne da damina, ranar da ya zurma cikin kwata a bakin titi ya fasa gwiwa. Mai shago ya kira Gloria. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta wanke ciwon, sannan ta shiga ɗakin girki ta ga tukunyar da ta ƙone da ƙunar da ke bayan hannunsa. Nan ta zauna ta yi kuka, ta ce ta gyara masa ɗaki tun bara, jikokinsa suna tambaya, me ya rage masa a Malali in ban da bishiyar gwaiba? Ya ce gidansa ne ya rage, da kabarin uwarta, da bangonsa. Ya ce in ya haye gadar nan da kayansa, to ya sa hannu ke nan a kan abin da ya ƙi sa wa hannu tun tana 'yar makaranta.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Gloria ma ta iya kafewa. Suka ja har la'asar. A ƙarshe shi ne ya kawo sharaɗi, yana ganin ya yi wayo. Ya ce lokacin fentin kogi ya zo. Zai je ranar Asabar shi kaɗai, ba mai riƙe masa ko burushi. Ranar Litinin ta zo ta duba. In ya yi daidai, ta bar shi a gidansa ta daina wannan magana. In ya kasa, ta kawo mota. Ta dube shi ta ce ta yarda.

Ranar Juma'a da rana ya zauna a gindin gwaiba ya buɗe gwangwanayen biyu don ya tsinka fentin da kananzir, ya ajiye murafan a kan tabarma. Yana cikin juyawa hadari ya taso, iska ta fara kaɗa shanyarsa. Ya miƙe da ɗingishi ya kwashe kaya, ya dawo ruwa ya fara sauka, ya lalubo murafan ya danna kowanne a kan gwangwanin da hannunsa ya fara taɓawa. Da Ladidi tana nan da ta ce kai Malam, ka juya su. Amma tsakar gidan babu kowa sai shi.

Asabar da safe ya hau keke napep zuwa makaranta. Ba kowa sai maigadi, wanda ya jingina masa tsani ya koma rumfarsa. Ishaya bai buƙaci ido don ya nemo kogin ba. Fentin shekara da shekaru ya taru ya yi tudu a bango, yatsansa na hagu yana bin tudun, burushi yana biye a hannun dama. Ya shafa murfi ya ji lotsawa, ya buɗe. Ya faro daga gabas, ya biyo ta bayan Malali, ya gangara Unguwar Rimi da Kabala, ya yi lanƙwasa ya wuce ƙarƙashin gada ya miƙe yamma. Hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Da ya sauko ya goge hannu da tsumma, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba, har ya tsaya ya sayi tsire a hanya.

Litinin, ranar da aka dawo daga hutu, ya riga kowa zuwa, da farar rigarsa ta coci. Gloria ta iso daga wajen aiki. Malama Ummulkhairi ta fito ta gaishe shi har ƙasa, sannan ya ji ta yi shiru. Gloria ma da ta tsaya kusa da shi shiru ta yi. Ya ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure musu baki.

Sai ga Malam Faruk, sabon malamin Soshiyal, ya fito da 'yan ajinsa. Saurayi ne mai ladabi, haifaffen Rigasa, an yi goyonsa ne a shekarar ƙaurar. Bai zauna a ajin Ishaya ba, amma ya san jan layi a taswira kamar yadda kowane malami ya sani. Ya dubi bangon ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, Allah ya saka da alheri," in ji shi. "Wallahi ka sauƙaƙa mana aiki. Da ma kullum sai na yi ta bayani, yanzu da ka yi shi da ja yara suna gani za su gane nan ne iyaka."

Ya juya ya tambayi ajin me jan layin nan ya raba. Suka amsa baki ɗaya, ba wanda ya yi jinkiri, cewa ɓangarenmu da ɓangarensu.

Ishaya ya matsa gaba. Ya kai hannu ya taɓa bangon, fentin ya bushe, santsi ɗaya da na kowace shekara. Ba kuskuren ne ya fi yi masa ciwo ba. Abin da ya soke shi shi ne babu yaro ko ɗaya da ya yi dariya. A zamaninsa da aji ya fashe da ihu, Malam ya yi kogi da ja. Waɗannan kuwa sun ga abin da suka riga suka sani ne an rubuta musu a bango.

Gloria ta matso ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, layin bai karkace ba ko kaɗan. In da gangan ka yi shi da ja, ka faɗa. Alkawari yana nan, zan bar ka a gidanka."

Ya gane abin da take yi. Ta san dokar bangon, ta san gaskiya, amma ta ga fuskarsa ta kasa. Ƙofa ta buɗe masa. Kalma ɗaya zai faɗa ya koma gindin gwaibarsa, ya ci gaba da zuwa kabarin Ladidi da ƙafarsa, ya mutu a ɗakin da ya gina. Ba wanda zai ƙaryata shi, Faruk ma godiya zai ƙara. Ya tsaya yana jin numfashin yaran a bayansa, suna jira.

Ya juya wajensu, ya ɗaga sandarsa ya buga bangon kamar yadda ya saba.

"Yara, wannan kuskure ne. Idona ya mutu, na ɗauki ja a maimakon shuɗi. Kogi ruwa ne, ba wanda ya ja shi. Malam Faruk, kada ka koyar da kuskuren makaho."

Faruk ya sunkuyar da kai ya ce to Baba. Ko ya yarda ko ladabi ne kawai, Ishaya ba shi da idon da zai duba.

Ya ce wa Gloria ta buɗe ɗaya gwangwanin ta gaya masa launinsa. Ta ce shuɗi ne. Ya ce to ta hau. Ta cire takalmi ta hau tsanin da kayan asibiti a jikinta, shi kuma ya tsaya a ƙasa ya riƙe, wurin da bai taɓa tsayawa ba. Yana faɗa mata unguwannin tana bi. Jan ya yi ƙarfi, sai da ta maimaita shafawa, kuma ta gaya masa gaskiya cewa a wasu wuraren yana ɗan lekowa ta ƙasa. Ya ce ba komai, baɗi a ƙara. Malama Ummulkhairi ta ce za a ƙara, ta yi alkawari. Ya bar mata gwangwanin mai shuɗi, ya sa aka mayar masa da murfinsa mai lotsawa.

Kayansa ba su cika bayan mota ba. Akwatin kwanon nan, rediyo, keken ɗinkin Ladidi, kujera ɗaya. Maƙwabta suka fito suna Allah ya kiyaye, Baba a riƙa leƙo mu. Mai shagon da aka gina a kan zauren alaramma ya kawo masa lemo. Ya shafa jikin gwaibar, ya ja ƙofa, ya ba Gloria makulli don ba ya ganin ramin.

Suka shiga mota suka kama hanya. Yana gane hanya da kunne, hayaniyar kasuwa, sannan shataletale, sannan ƙarar tayoyi ta sauya, iska mai ɗanshi ta shigo ta taga. Ya san sun hau gada. Ya haye ta sau ba adadi a rayuwarsa, zuwa biki da jana'iza, amma kullum da niyyar dawowa kafin magariba.

Ya juya fuskarsa wajen tagar, bai ga komai ba sai fari-fari. Ya ce, "Gloria, wane launi ne ruwan yau?"

Ta leƙa. Watan Satumba ne, kogin ya cika ya kwaso jar ƙasa tun daga tsaunukan Filato, ya yi jajir daga gaɓa zuwa gaɓa.

Ta ce, "Shuɗi ne, Baba."

Shi ya koya mata abin da damina take yi wa kogi, a aji huɗu. Bai gyara mata ba. Ya gyara rediyon a kan cinyarsa, ya bar fuskarsa a taga har suka sauka daga gadar.